Mutumin Da Aka Ce Ya Shiga Kasuwa: Tiamiyu Akangbe Shorinola (1941–2016)

Haihuwa da nasaba

An haifi Tiamiyu Akangbe Shorinola a shekarar 1941 a garin Abeokuta, a gidan kakanninsa da ke bayan kasuwar Ita-Bale. Mahaifinsa, Buraimo Shorinola, dillalin goro ne da ya yi mu'amala da fatake tun daga Shagamu har Lafenwa. Mahaifiyarsa kuwa, Sabitiyu Abeke, wadda duk unguwa ke kira Iya Ganiyu da sunan ɗanta na fari, sana'arta rini, kuma hannuwanta sun sha baba har sun rine tun daga farce zuwa gwiwar hannu. 'Ya'ya bakwai ta haifa, biyu suka rayu, wato Ganiyu, wanda ya girmi ƙanensa da shekara shida, da shi Tiamiyu.

Gidan Shorinola gida ne mai tinƙaho da abu biyu. Na farko, ba a taɓa samun kuturu ko mahaukaci a zuri'arsu ba, don haka duk mai binciken aure da ya zo unguwar da fara'a yake komawa. Na biyu, ba a taɓa ɗaukar gawar ɗan gidan an kai maƙabartar gari ba. Kowa a barandar gidan ake binne shi, kusa da iyayensa, inda yara za su yi wasa a kan kabarinsa, mata su shanya barkono a gefe. A wajen mutanen gidan, wanda aka binne a waje tamkar ba a taɓa haihuwarsa ba ne.

Karatu da aiki

A shekarar 1947 aka kai shi makarantar allo wajen malamin unguwa, bayan shekara biyu kuma aka sa shi a firamaren musulmi, daga nan ya zarce sakandare, ya kammala a 1959 da sakamako mai kyau, musamman a fannin lissafi. Ganiyu bai yi nisa a boko ba, ya kama harkar motocin haya tun yana saurayi, kuma bai taɓa yafe wa ƙanensa wannan fifiko ba, ko da yake a bainar jama'a yakan dafa kafaɗarsa ya ce ga akawun gidanmu.

A 1960 Tiamiyu ya sami aikin duba koko, wato 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, a wani ɗakin ajiya da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Lafenwa. Aikinsa shi ne ya tsaga ƙwayoyi daga kowane buhu, ya duba cikinsu, ya yanke hukunci ko daraja ta ɗaya ce ko ta biyu. Manomi kuwa ya san inda ake shafa wa mai hukunci mai. Ba kuɗi suke kawowa ba, kwalbar ogogoro, giyar gargajiya mai ƙarfi, suke ajiyewa a bayan sikeli, su ce, "Akawu, ga ɗan abin wanke ido." Tun yana kyautar da ita har ya fara ɗanɗanawa, tun yana ɗanɗanawa bayan an tashi har ya koma karya kumallo da ita. Direbobin manyan motoci kuma suka ƙara masa da tabar wiwi, wai tana sauke gajiya. Ba wanda ya tsawata masa, domin a lokacin hannunsa na sakin alheri, kuma mai abin hannu ba ya laifi a dangi.

Aure da 'ya'ya

A 1964 ya auri Wosilatu Amope, 'yar wani tela daga unguwar Owu. Ta haifa masa Fausatu a 1965, Mufutau a 1967, sai Kudiratu a farkon 1969. Mahaifin Tiamiyu ya rasu a 1966, aka binne shi a baranda ta hannun dama, aka bar fili a gefensa domin matarsa da 'ya'yansa biyu, Ganiyu kuma ya zama babban gida.

A 1968 aka sallami Tiamiyu daga aiki bayan ya ba wa buhunan da suka yi fumfuna daraja ta ɗaya. Daga nan barci ya ƙaurace masa, ya fara jin muryoyi suna kiran sunansa daga cikin tukwanen mahaifiyarsa, ya riƙa amsa musu. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yanka abin yankawa, duk a ɓoye, domin tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma gidan Shorinola sun naɗe tasu har ta kusa yagewa.

Al'amarin bakin kasuwa

Kowa a ƙasar nan ya san maganar da ake yi, cewa hauka yana da magani matuƙar bai shiga kasuwa ba. Ranar da mai ciwo ya tuɓe ya shiga kasuwa, idon jama'a ya gan shi, to an gama, ko bokan duniya ko likitan Turai ba zai dawo da shi ba. Babu littafin da aka rubuta wannan a ciki, amma babu dokar ƙasa da ake bi kamar yadda ake bin ta.

Wata ranar kasuwa a watan Agusta na 1969, da hantsi, Tiamiyu ya fasa ƙofar ɗakin da aka kulle shi, ya watsar da tufafinsa a tsakar gida, ya fita da gudu ya nufi Ita-Bale. Tsakanin titi da rumfunan farko akwai kwata mai faɗi, an gitta mata katako guda, a kansa kowa ke ƙetarawa. Iya Ganiyu tana kan tukunyar rini ta hango shi. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ta cim masa a bakin kwatar, ƙafarsa ɗaya a kan katako, ta kwance zanen da ke ƙirjinta ta rufa masa, ta rungume shi suka faɗi tare, tana kiran sunansa na kirari, "Akangbe, Akangbe, ni ce, tsaya nan!" Ita ta tsaya daga ita sai ɗan fatari a gaban jama'a, ba ta ko lura ba.

Sai dai a ranar wata mai barkono da ta rasa wuri a ciki ta baza tirenta a wannan gefen kwatar, gefen titi, kuma wajen faɗuwarsu Tiamiyu ya taka tiren ya kifar. A kan wannan tire aka yi shekara arba'in da bakwai ana gardama. Iya Ganiyu ta rantse da kabarin mijinta cewa kasuwa daga ƙetaren katako take farawa, ɗanta kuma bai ƙetara ba. Ganiyu ya ce wa mahaifiyarsa, "Maami, ku bar wahalar da kanku. Duk inda aka baza tire ana ciniki, nan ma kasuwa ce. Ya shiga." Ita ta ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. A gabanka aka yi?" Ya ce, "Ba a gabana ba, amma a gaban gari aka yi."

Jinya a Idi-Osan

A wancan zamani asibitin masu taɓin hankali da ke gefen gari yana da wani tsari da ƙauyukan kewaye. Maimakon a kulle mara lafiya a bayan katanga, sai a sauke shi a gidan manomi, da safe ya je wajen likita, da rana ya taya masu gida aiki, bisa sharaɗi guda: dole ya zo da ɗan'uwa na jini wanda zai zauna tare da shi, ya dafa masa, ya kwana a ƙofar ɗakinsa. Wosilatu tana goyo, Ganiyu ya ce motocinsa ba za su tuƙa kansu ba. Iya Ganiyu ta kife tukwanenta ta bi ɗanta zuwa ƙauyen Idi-Osan, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shekara biyu suka yi a can. Ya sha allura, ya sha ƙwaya, ya yi makyarkyatar rabuwa da kwalba har ana danne shi, ya yi kuka, ya zagi uwar da ke ba shi amala a baki, sannan a hankali muryoyin suka yi nisa. Ya koyi noman rogo da tuyar gari. Ranar da likita ya sallame shi a 1971, Tiamiyu ya lura shuɗin baba ya fita tas daga hannuwan mahaifiyarsa, abin da bai taɓa gani ba tun da aka haife shi, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Da suka koma gari, sai suka tarar Wosilatu ta kwashe yara ta koma gidansu, an raba auren bisa hujjar cewa ciwon ba mai warkewa ba ne. Daga baya ta auri wani ɗan kasuwa a Ikko mai suna Odunsi. Tiamiyu ya kwanta rub da ciki a gaban yayansa kamar yadda ƙane ke yi a al'adarsu, ya miƙa takardar sallamar asibiti. Ganiyu bai ko karɓa ba. Ya ce, "Tashi, tashi. Na gode wa Allah da ka sami sauƙi. Amma ina da 'ya'ya mata da za a zo bincike a kansu. Ka ɗan koma ƙauyen tukuna, in ƙura ta lafa sai mu gani." Sauƙi ya ce, bai ce warkewa ba, kuma har ya bar duniya Tiamiyu bai ji wannan kalma daga bakinsa ba.

Rasuwar mahaifiya da sharaɗin da aka gindaya

Ya koma Idi-Osan ya zama mai taimaka wa ma'aikatan jinya, yana karɓar sababbin zuwa, yana lallashin masu ƙin magani. Ya kuma ɗaukar wa kansa alkawari cewa ƙafarsa ba za ta sake taka kasuwa ba, kowace iri, domin kada wani ya sami abin ƙaryata mahaifiyarsa da shi. Ko gishiri sai dai ya aika. In zai je gidansu ta bayan masallaci yake zagayawa, hanya mai nisa, don kada ya bi ta bakin kwata.

A 1975 ciwon ajali ya kama Iya Ganiyu. Ta kira 'ya'yanta biyu, ta kama hannun babban ta ce, "Ganiyu, filin da ke gefena na Akangbe ne. Ka faɗa da bakinka in ji." Ganiyu ya yi ta kame-kame, ta ƙi sakin hannunsa, ga dattawan gida suna kallo. Daga ƙarshe ya ce, "To, Maami. In ya mutu da hankalinsa, ba mu sake jin wani abu ba, za a sa shi a nan." Da wannan rabin alkawari ta cika. Tun daga ranar Tiamiyu bai da wani buri a duniya da ya wuce wannan ɗan fili, domin a wajensa ba kabari ba ne kawai, shaida ce cewa mahaifiyarsa ta yi gaskiya.

Kafa gidan farfaɗowa

Zuwa ƙarshen shekarun 1970 tsarin sauke marasa lafiya a ƙauyuka ya yi rauni, masu gida suka gaji, gari ya fara cinye gonaki. A 1979 Tiamiyu ya nemi wani tsohon ɗakin ajiyar koko a bakin Idi-Osan, ya gyara shi da hannunsa tare da wasu tsofaffin majinyata, ya buɗe gidan da har yau ake kira Gidan Baba, domin Baba kowa ke kiransa. Ma'aikaciyar jinya takan zo daga asibiti da magunguna, wanda ciwonsa ya tsananta a mayar da shi wajen likita, sauran kuwa su zauna wata shida, wasu shekara, suna noma, suna tuyar gari, suna koyon yadda ake wayar gari ba tare da abin maye ba.

Dokokin gidan kaɗan ne. Ba mari, ba sarƙa, ba bulala, alhali a lokacin wuraren da ake ɗaure mutane a gindin itace da sunan addu'a sun fi shurin tururuwa yawa. Ba a kulle ƙofa. Kowa kuma ya zo da ɗan'uwansa, in ba shi da kowa, Baba yakan ce, "To, ni ne ɗan'uwansa," ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin. Kowace safiya sai an zauna a gindin itacen lemo, shi ya fara fito da tasa ƙwayar ya haɗiye a gaban kowa, ya ce, "Ga babban mahaukacin gidan ya sha tasa, saura ƙanana." In wani ya fara cika baki cewa shi ba mashayi ba ne, sau ɗaya kawai ya gwada, sai Baba ya ce, "Sannu, Malam Sau-Ɗaya. Ni ma sau ɗaya na sha, na fara a sittin na ajiye a sittin da tara."

Ya ga zamani iri-iri. Ya ga na ogogoro da wiwi, ya ga na hodar iblis da ta zo da 'ya'yan masu kuɗi, ya ga na kodin da tiramol da ya kwashi har matan aure. Ba kowa ya warke ba. Wasu sun gudu, wasu sun koma ruwa, wasu ya wanke gawarsu da hannunsa. Amma ɗaruruwa sun fita da ƙafafunsu, kuma a cikinsu akwai waɗanda yau ake tashi tsaye in sun shigo taro. Iyayensu kan zo da mota mai baƙin gilashi, su durƙusa suna "Baba, ku rufa mana asiri," in an haɗu a gari kuwa sai su kau da kai kamar sun ga mai bin su bashi. Sau biyu ya nemi aure, sau biyu masu bincike suka je Ita-Bale suka dawo da labarin tiren barkono, daga nan ya haƙura.

Mu'amalarsa da dangi

A 1988 Fausatu, 'yarsa ta fari, ta zo Idi-Osan, karo na farko da ya gan ta tun tana 'yar shekara huɗu. Ya rasa inda zai sa kansa don murna, ya sa aka kama kaza. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama, ta ce aure za ta yi, dangin mijin kuma sun san Alhaji Odunsi ne mahaifinta. "Baba, ba don na raina ku ba. Roƙonku na zo yi, kada ku zo." Ya ce, "Ai ko kin gayyace ni ba ni da rigar zuwa. Allah ya ba da zaman lafiya." Ya cika mata bayan mota da doya, ta bar doyar a tasha.

A 1993 wata motar Ganiyu ta tsaya a ƙofar gidan, direba ya sauke wani saurayi da ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ya juya. Sharafa ne, ɗan Ganiyu na uku, hodar iblis ta cinye shi. Ba uwa, ba uba, ba ko saƙon gaisuwa. Baba ya dube shi ya ce, "Wannan kam ba sai na yi ƙarya ba, ni ne ɗan'uwansa." Ya kwana a ƙofar ɗakinsa har ya daina makyarkyata, ya riƙe shi shekara guda da rabi, ya mayar da shi mutum. Ganiyu ya shaida wa unguwa cewa yaron karatun addini ya je Ilorin, har aka yi masa walimar dawowa. Ba a gayyaci wanda ya yi aikin ba, kuma bai yi ƙorafi ba, don yana ganin kowane irin haƙuri kamar tubali ne yake ɗorawa a kan wancan fili.

Shekarun tsufa

A taron dangi na 2012, bayan shekara arba'in da uku ba a ji komai ba, dattawan gida suka matsa wa Ganiyu, wanda a lokacin ya zama Alhaji, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya ce to, a auna masa wurin. Aka auna, aka kafa turaku. Tiamiyu ya tsaya a kan kabarin mahaifiyarsa ya daɗe yana motsa baki. A hanyar komawa ya riƙa rera waƙa a mota har direba ya tambaye shi ko lafiya.

A watan Mayu na 2014 ya ɗauko wata majinyaciya mai suna Adunni Oyero zuwa ganin likita. Malamar makaranta ce da ciwo ya kama bayan haihuwa, mijinta ya kawo ta ya tafi bai waiwayo ba, don haka Baba ne ɗan'uwanta. Cunkoson motoci ya tsayar da su daidai bakin Ita-Bale. Kafin a ankara ta buɗe ƙofa ta fita, tana fizge tufafinta tana jifa, ta ƙetara kwata ta faɗa tsakiyar kasuwa. Katakon nan ya daɗe da ruɓewa, an zuba siminti a wurin, amma Baba ya san daidai inda yake. Direban motar da suke ciki ya ba da shaida cewa tsohon ya tsaya a bakin kwatar, ya ɗan dubi rufin gidansu da ake hangowa daga nan, sannan ya cire babbar rigarsa ya ƙetara.

Ya bi ta cikin rumfuna yana kiran sunanta, ya cim mata a layin masu kifi, ya rufa mata rigar. Ta fizge ta yaga, ya tuɓe ta ciki ya sa mata, ya kwance wandonsa ya ɗaura mata a ƙugu, ya rungume ta yana cewa, "Adunni, ni ne, tsaya nan." Dattijo mai shekara saba'in da uku ya tsaya a tsakiyar kasuwa daga shi sai gajeren wando. Jama'a kuwa, maimakon wani ya miƙo ko ƙyalle, wayoyi suka ɗaga. Kafin la'asar hoton ya zagaye gari, kuma a guntun da ya fi yawo ba a ganin matar sam, tsoho kawai ake gani ba riga yana ihu a cikin masu kifi. Tsofaffin kasuwa suka tafa hannu suka ce, "Ba mun faɗa ba? Ɗan Iya Ganiyu ne. Abin ya dawo."

Cikin makon aka cire turakun. Tiamiyu ya je gidan, ya kwanta a gaban yayansa da ƙyar, da tsufa da komai, ya ce, "Boda Ganiyu, yayana, ku tambayi direba, ku tambayi masu kifi. Mace ce tsirara, 'yar mutane. Abin da Maami ta yi mini shi na yi mata. Da hankalina na shiga." Ganiyu ya ce, "Duk wanda ya shiga haka yake cewa." Tiamiyu ya ɗaga kai ya dubi Sharafa, wanda yanzu ya zama babban ɗan kwangila mai tumbi, yana zaune a kujerar kusa. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta isa. Amma in ya yi magana sai an tambaye shi ina ya san Gidan Baba, don haka ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Haka tsohon ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya fita, kuma a ranar ta bakin kwata ya bi, tunda babu sauran abin da zagaye zai tsare masa.

Rasuwa da jana'iza

Bai sake zuwa gidan ba. Ya ci gaba da haɗiye ƙwayarsa a gindin lemo kowace safiya, amma barkwancin ya tafi. Adunni ta warke, ta koma aji a 2015, tana koyarwa har yau, matar da ta shiga kasuwa a gaban kowa ta fito. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin hujja, aka ce ai nata ba na gaske ba ne. Da ta zo yi masa sallama tana kuka tana neman gafara, ya ce, "Ke, tashi. Da za a sake, da na sake. Abin da ke ci mini rai kawai, na sa an ƙaryata tsohuwa."

A farkon 2016 hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, amma hankalinsa bai gushe ba ko na sa'a guda, yana gane kowa, yana tunatar da masu jinya lokacin maganin kowane ɗaki. Ya rasu ranar Alhamis, cikin watan Maris na shekarar, yana da shekara saba'in da biyar. An aika wa gidan Shorinola, suka amsa cewa a yi abin da ya sauƙaƙa. Mutanen Gidan Baba suka wanke shi, limamin ƙauye ya sallace shi, aka binne shi a gindin itacen lemon. Daga cikin ɗaruruwan da ya yi jinya, waɗanda suka zo ba su cika sahu uku ba, sauran suna tsoron a gan su a wurin. Filin da aka hana shi kuwa, kafin shekara ta zagayo an toshe shi da bulo an fitar da ƙofa ta titi, yanzu shago ne, ana sayar da giya ta leda a cikinsa, jingine da kabarin Iya Ganiyu.

Alhaji Ganiyu ya zo addu'ar kwana takwas, aka ba shi kujera a gaba. Da aka nemi ya yi magana a madadin dangi, ya share hawaye, kuma hawayen gaske ne, ya ce, "Ƙanena ya huta. Mu ne abin tausayi, mu da za a yi wa hisabi. Shi kam tun shekarar sittin da tara Allah ya ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa komai ba." Ta'aziyya yake nufi. Da jimla ɗaya ya shafe aikin shekara arba'in da biyar, jama'a kuma suka ce amin.

Zuri'a

Marigayi Tiamiyu Akangbe Shorinola ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki goma sha ɗaya. 'Ya'yan su ne Alhaja Fausatu, 'yar kasuwa a Ikko, wadda ta aiko da lemon kwalba. Da Injiniya Mufutau Odunsi, wanda ya zo jana'iza ya tsaya a jikin motarsa. Da Kudiratu Odunsi, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin masu taɓin hankali a ƙasar waje, wadda ba ta samu zuwa ba. Babu ɗaya a cikinsu da ke amsa sunansa, kuma jikokin an gaya musu kakansu ya rasu tun 1969.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da mahaifiyarsa, ya kuma yi masa hisabi irin na masu hankali.